Minti 39 na fosfaros a cikin silikon: me ya hana shi zama kwamfutar kwantam har yau?

Abban Hanifa:
Salam jama'a. Don Allah masu fizik na gidan nan ku zo ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Tun 2013 ƙungiyar Mike Thewalt ta jami'ar Simon Fraser a Kanada, da abokan aikinsu na Ingila, suka nuna cewa sifin, wato ɗan maganaɗisun cibiyar atam na fosfaros da ke cikin silikon zai iya riƙe bayanin kwantam har minti 39 a zafin ɗaki, in an sanyaya shi kuma ya kai awa 3. Su kuwa kyubit, wato ƙwayoyin riƙe bayani a kwamfutar kwantam, na Google da ake ta yayatawa, ko na cif ɗinsu Willow da suka fitar a ƙarshen 2024, abin da suke riƙewa bai wuce wajen mikirosakan 100 ba (mikirosakan ɗaya bisa miliyan ne na sakan). To in haka ne me ya sa ba silikon ne a gaba ba, shekara sama da goma fa ke nan, kuma silikon ɗin nan duk duniya ba abin da aka iya sarrafawa kamarsa

Injiniya Kd:
Wslm. Malam Abba wannan minti 39 ɗin gaskiya ne amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Na farko ba atam ɗaya aka auna ba, gungu ne na wajen biliyan 10 duk an sa su a hali iri ɗaya, ba ka da ikon ce wa wannan yi kaza wancan yi kaza. Na biyu ba a zafin ɗaki aka rubuta bayanin ba, a cikin tsananin sanyi aka shirya shi da hasken leza, aka ɗumama, aka jira, aka sake sanyayawa sannan aka karanta. Na uku kuma wanda ya fi damuna, sai da suka cire wa donan, wato fosfaros ɗin, ilektiron ɗinsa tukun. To ilektiron ɗin nan shi ne hannun da ake kama cibiyar da shi. Ka cire shi ta zauna lafiya, amma kai ma ba ka da yadda za ka haɗa ta da ta kusa da ita. Ma'ajiya ce, ba lissafi ba.

Ummu Sadiq:
Ku tsaya mana, mu da muka tsaya a fizik ɗin sakandare fa? Wane ne dona, kuma mene ne yake lalacewa da har ake ƙirga masa minti? Dakta a taimaka

Dakta B:
Hajiya bari in ɗauko daga tushe. Atam ɗin silikon ilektiron 4 gare shi a waje, kowanne ya riƙe maƙwabci ɗaya. Fosfaros 5 gare shi. In ka cire silikon guda ka sa fosfaros a gurbinsa, 4 za su kama maƙwabta, na biyar ya rage ba abokin riƙo, shi ya sa ake ce wa atam ɗin dona, mai bayarwa. A zafin da muke ciki wannan na biyar ɗin tafiyarsa yake yi ya ɗauki lantarki, abin da ke faruwa ke nan a cikin taransistocin wayar da ke hannunki. Amma in aka sanyaya silikon ɗin ya kusa sifilin Kelbin, wato ƙarshen sanyi, ba shi da ƙarfin tserewa, sai ya zauna kewaye da fosfaros ɗinsa a fili mai faɗin 'yan nanomita kaɗan (nanomita ɗaya bisa biliyan ne na mita).

To a nan abu biyu muke da su masu sifin, shi ilektiron ɗin da kuma cibiyar fosfaros-31. Kowannensu ɗan mitsitsin maganaɗisu ne, in ka sa shi a filin maganaɗisu ko ya kalli sama ko ƙasa, ko kuma ya kasance a haɗin biyun lokaci guda, wannan haɗin shi ne kyubit. Bruce Kane ne ya kawo shawarar a gina kwamfuta a kan haka a 1998, lokacin yana jami'ar New South Wales a Sidni.

Lokaci biyu ake aunawa. T1 shi ne tsawon da sifin zai yi kafin ya kife da kansa daga sama zuwa ƙasa, wannan tun ƙarshen shekarun 1950 George Feher a Bell Labs ya ga yana kusan kai awa a wajen Kelbin 1. T2 shi ne mai wahalar, wato tsawon da wancan haɗin biyun zai yi kafin ya watse. Kin san lugude ai, mata uku a turmi ɗaya. Taɓarya ba ta faɗi a hannun kowa ba, kowa tana daka, amma da zarar ɗaya ta ɗan yi sauri ko ta ɗan yi jinkiri kiɗan ya watse. Sifin ma zagaye yake yi da ƙayyadadden sauri, bayanin kuma a cikin wannan daidaiton bugun yake. Ƙaramin canji a filin maganaɗisun da yake ji ya isa ya ɓatar da shi ko da bai kife ba.

Ummu Sadiq:
Allah ya saka Dakta, yanzu na kama. To wa ke kawo canjin tunda an rufe shi a cikin dutse an sanyaya?

Malama Zee:
Yaya shi kansa silikon ɗin ne. Wanda ake samu a ƙasa iri uku ne a gauraye, silikon-28 kashi 92 da ɗoriya, silikon-29 kashi 4.7, silikon-30 wajen kashi 3. Na 28 da na 30 cibiyarsu ba ta da sifin sam, shiru suke. Na 29 ne mai maganaɗisu, kuma kusan ɗaya cikin kowane atam 21 shi ne. Ilektiron ɗin dona ya bazu a kan atam masu ɗimbin yawa, don haka dole ya ji su, su kuma ba a tsaye suke ba, wannan ya juya sama wancan ya juya ƙasa suna ta musaya a tsakaninsu, filin da ilektiron ke ji yana ta rawa. A silikon na yau da kullum T2 ɗin ilektiron ko milisakan ɗaya ba ya kaiwa. Da aka tace aka fitar da na 29 ɗin, ƙungiyar Steve Lyon ta Princeton a 2012 ta samu sama da sakan ɗaya, har zuwa wajen sakan 10.

Kuma wlh labarin inda aka samo tataccen silikon ɗin yana burge ni. Ba don kwantam aka yi shi ba. Masu son sake fayyace kilogiram ne, aikin Avogadro, suke son ƙwallon silikon-28 zalla mai nauyin kilo ɗaya don su ƙirga atam ɗin da ke ciki. A Rasha aka tace shi da injinan majaujawa irin na tace yuraniyam, a Balin ta Jamus aka raini kiristal ɗin, tsaftarsa ta kai kashi 99.995. Guntayen da suka rage ne aka bai wa su Thewalt. Kilogiram ya samu sabon ma'auninsa a 2019, su kuma masu sifin suka samu wurin da ya fi ko'ina shiru a cikin abu mai tauri.

Injiniya Kd:
Malama ƙarasa labarin mana. Bayan an fitar da silikon-29 wa ya rage yana hayaniya? Su donan da kansu. Kowane ilektiron maganaɗisu ne, yana damun ɗan uwansa. Su Lyon sai da suka yi amfani da silikon da fosfaros ɗin cikinsa ya yi ƙaranci ƙwarai, tazarar da ke tsakanin atam da atam ta kai wajen nanomita 200, sannan suka ga waɗannan sakan ɗin. Shi kuwa tsarin Kane yana buƙatar su kusanci juna zuwa wajen nanomita 20 ko ƙasa don ilektiron ɗinsu su taɓa juna a yi lissafi, kuma a kusa da saman silikon ɗin, ƙarƙashin wayoyin ƙarfe da za su sarrafa su. Ka ga duk abin da ke tsawaita T2 nisanta ne, duk abin da lissafi ke so kusanta ne. Ni a nan nake tsaye.

Danliti:
Ni kuma tambayata daban, ai na ji har a minti 39 ɗin ma ba haka kawai aka bar shi ba, ana ta buga masa igiyar rediyo. Wannan ba maguɗi ba ne?

Dakta B:
Ba maguɗi ba ne Danliti, dabara ce tsohuwa, Erwin Hahn ya gano ta tun 1950. Ka bar sifin ya zagaya na wani lokaci, sai ka kife shi da bugu ɗaya na rediyo ko maikirowef, ka sake barinsa daidai wancan lokacin. Duk ratar da ya ci saboda ya yi sauri a zangon farko zai mayar da ita a zango na biyu, sai a dawo daidai. Sharaɗin kawai hayaniyar ta kasance ba ta canza ba tsakanin zangon biyu. In tana canzawa a hankali sai ka yawaita bugun ka rage tazara. A kwamfuta ta gaske ma ana yin haka ga kyubit ɗin da ke jiran a zo kansa. Abin da ya kamata dai duk wanda ya kawo lamba ya faɗi wace iri ce, ba bugu ko ɗaya ne, bugu ɗaya ne, ko dubbai, don bambancinsu kan kai sau dubu.

Injiniya kuma maganarka tana da ƙarfi amma ka tsaya a 2013. An gwada atam ɗaya tilo a cikin na'ura ta gaske ai. Ƙungiyar Andrea Morello a Sidni ta karanta sifin ɗin ilektiron guda a 2010, ta sarrafa shi a 2012, a silikon na yau da kullum T2 ya tsaya wajen mikirosakan 200. A 2014 suka maimaita a kan siririn shimfiɗin silikon-28 da bai kai kaurin mikiromita ɗaya ba, wanda ya fito ta hannun Kohei Itoh na jami'ar Keio a Japan. Ilektiron ya haura rabin sakan, cibiya ta wuce sakan 30. Atam ɗaya fa, 'yan nanomita ƙarƙashin ƙarfe da gilashin silikon. Kuma da suka bi sawun hayaniyar da ta rage, ba daga saman silikon ɗin take ba kamar yadda kowa ke tsoro, daga waje take shigowa, ta eriyar maikirowef da shi kansa babban maganaɗisun. Wannan matsala ce da injiniya irinka zai iya ragewa.

Abban Hanifa:
Dakta ya ake karanta atam ɗaya ma tukun? Abin nan yana ɗaure min kai

Dakta B:
Da lantarki. Ana gina wata 'yar taransista kusa da donan wadda ke jin motsin ilektiron guda. A filin maganaɗisu na wajen tesla 1.5 sifin mai kallon sama ya fi mai kallon ƙasa kuzari kaɗan. Sai a saita wutar ta yadda mai sama ne kawai ke da isasshen kuzarin tsallakawa ya bar atam ɗin. In ya tsallaka taransistar ta yi ɗan bugu, ka san sama ne, in shiru ƙasa ne. Shi ya sa dole a yi a firij mai sanyin ƙasa da Kelbin 1 sosai, in da ɗumi kowanne ma tsallakawa zai yi. Ita cibiya kuma ta bakin ilektiron ake jin ta, don saurin zagayensa ya danganta da inda ta kalla, tsakanin biyun akwai ratar wajen megahaz 117. Kuma da yake karantawar ba ta kifar da cibiyar, ana iya maimaitawa sau da yawa a tabbatar.

Injiniya Kd:
Na yarda da sakan 30 ɗin. Amma ba girin-girin ba dai ta yi mai. Cibiya tana daɗewa ne saboda maganaɗisunta ya gaza na ilektiron sau sama da 1,000, wannan dalilin dai shi ne ya sa juya ta ke ɗaukar gomomin mikirosakan, su Google kuma nasu gomomin nanosakan ne, wato ɗaya bisa biliyan na sakan. Kuma su kyubit 105 suka nuna a Willow har da gyaran kuskure yana aiki. Ku nawa gare ku?

Malama Zee:
Injiniya raba mana, sakan 30 a kan mikirosakan ko da 50 ne, aiki dubu ɗari nawa ke nan kafin ya watse? Su kuma mikirosakan 100 a kan nanosakan 30, 'yan dubbai ne. Wannan rabon shi ne abin dubawa ba saurin kaɗai ba. A Janairun 2022 su Morello suka fitar da cibiyar fosfaros biyu da ke raba ilektiron ɗaya, aikin kyubit ɗaya daidai kashi 99.95, na kyubit biyu kashi 99.37, an haura kashi 99 ɗin da gyaran kuskure ke nema. In kuma sauri kake so, ƙungiyar Michelle Simmons ta yi musayar sifin tsakanin ilektiron biyu cikin nanosakan 0.8 a 2019. Yawa kam gaskiyarka ce, ba a kai ko kusa da 105 ba, kamfaninta Silicon Quantum Computing 11 ya nuna a 2025.

Danliti:
To me ya sa sai fosfaros? Sauran 'yan gidansu fa

Malama Zee:
Yauwa ka taɓo wanda na fi so, bismut. Cibiyarsa sifin 9/2 gare ta, riƙonta da ilektiron ya fi na fosfaros ƙarfi sau goma da wani abu, wajen gigahaz 1.5, in ka haɗa su matakai 20 ne ba 4 ba. Saboda haka akwai wasu wurare, misali wajen militesla 80, inda in filin maganaɗisu ya ɗan motsa saurin zagayen ba ya motsawa sam, irin dabarar da agogon atam ke amfani da ita. Ƙungiyar John Morton ta nuna a 2013, T2 ɗin ilektiron ya kusa sakan 3 a tataccen silikon, a wanda ba a tace ba ma ya kusa milisakan 100, wato sau ɗari da ɗoriya a kan na fosfaros. Ba ka kori hayaniyar ba, ka dai samu inda ba ta jin ka ba ka jin ta. Sannan saurin a wurin wajen gigahaz 7 ne a ƙaramin fili, daidai inda da'irorin sufakondakta, irin waɗanda kyubit ɗin Google ke amfani da su, ke aiki, to akwai masu son su haɗa su, wancan ya yi lissafi bismut ya yi ajiya.

Dakta B:
Ki ƙara da antimoni Malama. Antimoni-123 sifin 7/2, matakai 8 a cibiya ɗaya. A wani aiki da aka buga a 2020, a ɗakin gwajin Morello eriyar da ya kamata ta ba da maganaɗisu ta ƙone saboda ƙarfin wuta, ta koma tana ba da filin lantarki, sai suka ga cibiyar tana juyawa duk da haka. Ashe abin da Nicolaas Bloembergen ya yi hasashe ne tun 1961. Muhimmancinsa shi ne filin lantarki ana iya tsare shi a kan atam ɗaya da 'yar waya, na maganaɗisu kuwa bazuwa yake ya taɓa maƙwabta. Da matakai 8 kuma za ka iya ajiye sifili a can ƙarshe ɗaya, ɗaya a can ɗaya ƙarshen, kuskure guda ba zai kai ka daga nan zuwa can ba, kana da damar ganinsa ka gyara. Sun nuna tushen wannan a 2025.

Injiniya Kd:
Duk wannan yana da daɗin ji, amma ku faɗa wa Malam Abba ainihin abin da ya tsayar da tsarin Kane shekara sama da 25, shi ne ajiye atam a inda ake so. Su Belita Koiller da Xuedong Hu da Sankar Das Sarma sun lissafa tun farkon shekarun 2000 cewa saboda kwaruruka 6, wato halaye 6 masu mafi ƙarancin kuzari, da ilektiron ke da su a silikon, ƙarfin musaya tsakanin dona biyu hawa da sauka yake yi, ka gusa atam ɗaya da gurbi guda kawai ƙarfin ya canza ninkin ba ninkin. Gurbi guda fa, ƙasa da rabin nanomita. Masu harba atam da bindigar ayon, su David Jamieson na Melbourne, suna iya ƙirga cewa guda ya shiga amma inda zai tsaya akwai kuskuren nanomitoci. Su Simmons da allurar madubin STM mai ganin atam ɗai-ɗai suna cire haidirojin da ya rufe saman silikon ɗaya bayan ɗaya su sa iskar fosfin mai ɗauke da fosfaros, sun fi kowa daidai, tun 2012 suka yi taransistar atam ɗaya, amma wannan ba hanyar da masana'antar cif ke bi ba ce. Shi ya sa ni na fi karkata ga ɗigon kwantam, inda wayoyin lantarki ne ke tsare ilektiron ba atam ba. Intel ta buga mai kyubit 12 a layin masana'antarta a 2023.

Malama Zee:
Ɗigon kuma kowanne da halinsa, ba biyu da suke fitowa iri ɗaya, sai an zauna ana saita kowanne. Fosfaros kuwa fosfaros ne ko'ina, kuma ga cibiya kyauta wadda ɗigo ba shi da ita.

Injiniya Kd:
A tsakiyar kiristal iri ɗaya ne Malama. A cikin na'ura matsin ƙarfen da ke sama da filin lantarki suna jan ilektiron ɗin, megahaz 117 ɗin nan akwai na'urar da aka auna ta sauka ƙasa da 100. Saitin dai ba a tsira daga gare shi ba.

Dakta B:
Wannan bambancin wani lokaci ma so ake yi, don da shi kake kiran atam ɗaya ba tare da na kusa ya amsa ba, Kane da kansa waya ya tanada a saman kowane dona don ta ja ilektiron ta canza saurin. Maganar gurbi kuma ba a zauna ana kallo ba. Hanya ɗaya ita ce ta 2022 ɗin, cibiyoyi da yawa su raba ilektiron ɗaya, ba ruwanka da musaya a tsakaninsu. Wata kuma su Morello suka kawo a 2017, a ja ilektiron ya ɗan nisanci cibiyarsa ya zama yana da ɓangaren caji mai jin ɗan uwansa daga nanomita ɗari da wani abu, to kuskuren nanomita 2 ko 3 ba zai dame ka ba. Farashinta shi ne ka buɗe wa hayaniyar caji ƙofa, T2 zai sauka. An nuna kyubit ɗaya irin wannan a 2023.

Abban Hanifa:
To Dakta ita doguwar ajiyar ta cibiya a wane wuri za ta shiga aiki ke nan, tunda ilektiron ne mai haɗawa?

Dakta B:
A miƙa wa juna. Ilektiron ya yi aikin da ke buƙatar sauri da haɗi da maƙwabci, da ya gama a kwashe bayanin a zuba a cibiya da bugun maikirowef da na rediyo, in ana so ma a janye ilektiron ɗin gaba ɗaya ta zauna ita kaɗai, lokacin buƙata a dawo da shi a kwaso. Su Morton sun yi wannan kai da komowa tun 2008 a gungun fosfaros cikin silikon-28, bayanin ya zauna a cibiya sama da sakan ɗaya, ya dawo daidai wajen kashi 90. An maimaita a atam ɗaya daga baya. Inda asarar take yawanci a wajen miƙawar ne da lokacin shiga da fitar ilektiron, ba a zaman jiran ba, don haka masu aikin yanzu a kan waɗannan 'yan mikirosakan ɗin suke fama.

Injiniya Kd:
Kuma kowace miƙawa da tata wayar da nata bugun. In an kai kyubit 1,000 sai a lissafa wayoyi nawa za su sauka cikin firij ɗin da zafin da kowace za ta shigo da shi, tunda Dakta da kansa ya ce ta eriya hayaniyar 2014 ta shigo.